Kwana Ashirin da Tara Cikin Motocin Abijan

Alhaji Ladan ya san ɗakin da ƙanena Nomau yake kwance, ya san unguwar, ya san ƙofar, amma ya bar ni ina hawa mota ina sauka cikin Abijan kwana ashirin da tara ina nemanshi, har uwarmu ta rasu ba ta ji muryar autanta ba. Abin da ya yi mani ke nan. Na sa shi a farko don wanda ya gaji da karatu ya tsaya nan, ya riga ya ji gaskiya.

Ku ɗiyana nake rubuta ma wannan, Sa'adu da Aminu da ke Hauwa'u. Na san abin da kuke ji a bakin kasuwar Unguwar Lalle, wai an aiki babanku neman ɗan'uwa, ya isa birni ya ga fitilu ya mance abin da ya kai shi, ya yi ta yawon mota har anka yi bakwai ɗin uwarshi ba ya nan. Na san sunan da anka laƙa mani, Iro Ɗan Yawo, kuma na san kuna jin kunya in anka faɗe shi gabanku. Aji huɗu na tsaya a boko, wanda ya ga kure cikin rubutuna ya gyara a ranshi ya wuce.

Ladan ɗan kawunmu ne, ubanshi da Inna ciki ɗaya. Taubashina ne ke nan, tun muna ƙanana muke zagin juna ba mai jin zafi. Shi ya yi arziki da albasa, shina saye can wajen Madawa cikin Nijar shina kaiwa Abijan, har ya kama sito a kasuwar Ajame ya zauna can da iyalinshi. Ni na tsaya ga gero da dawa. Da ya zo gida wata sallah ya ce a ba shi Nomau ya riƙa duba mashi lodi, Inna ba ta so ba. Sai da ya durƙusa gabanta ya ce Gwaggo, in ƙaya ta soki Nomau ni ta soka, sannan ta kama hannun yaron ta sa cikin nashi. Ina tsaye bakin ƙofa na gani da idona. Shekara uku Nomau na kiran waya kowace Jumma'a bayan an sauko masallaci, ƙanwata Hajo ta kai ma Inna wayar ga kunne. Sai bayan wata babbar sallah kiran ya ɗauke. Wayarshi a kashe. Munka kira Ladan, ya ce Nomau ya bar mashi aiki ya bi abokai, shi ma nemanshi yake. Wata biyar muna jin wagga magana. Da kaka ta yi, ƙafafun Inna sunka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya, ta bar cin abinci sai ɗan kunu. Wata safiya ta sa anka kira ni daga gona.

Ta ce, "Iro, ban ce ka kawo mani shi ba. Hanya na da nisa, ni kau kwanana ba su da yawa. Ka dai gane shi, ka sa mai waya ga baki, in ji ya ce Inna. Shi kaɗai."

Na sayar da raguna biyu da damen gero, na canza kuɗin zuwa sefa a Sabon Birni, na tsallaka Nijar, na hau bisa buhunan albasa cikin wata babbar mota. Kwana shida muna hanya. Har yau in uwarku na yanka albasa tashi nake in bar wurin.

Ladan ya tarbe ni tarba mai kyau, ba za ni ɓoye wannan ba. Ya rungume ni, ya ce ga baƙauyen Gobir ya zo ganin teku, a riƙe mashi hannu kada mota ta ɗauke shi. Ya ba ni wurin kwana cikin sito, ya sa ana kawo mani shayi da burodi kullum da safe. Ku san wani abu. A wurinmu in ka sauka hannun mutum a baƙon gari, shi ne idonka, shi ne bakinka. Ba ka tsallake shi ka je tambayar yaranshi abin da shi bai faɗa maka ba, wannan cin fuska ne. Akwai mutum biyar 'yan ƙasarmu da ke aiki a siton nan, muna cin tuwo kwano ɗaya. Na lura in na ambaci Nomau sai kowa ya duƙa ga lomarshi. Na ɗauka tausayina suke ji. Ban matsa ma kowa ba, don ina da mai masauki.

Da safiyar farko ya zauna bisa kujerarshi ta roba bakin sito ya yi mani karatun gari. Ya ce kada in kuskura in shiga tasin nan mai jan fenti da ke da agogon kuɗi, kwana uku za ta cinye ragunana. Ya ce talaka gbaka yake shiga, wato ƙananan bas-bas irin namu na zuwa Sakkwato, ko woro-woro, tasin da ake cika mutum huɗu ko biyar kowa ya biya nashi. Sannan ya ɗaga yatsa.

Ya ce, "Ban da ruwa, Iro. Kwale-kwalen nan da kaka gani kullum sai sun kihe da mutane. Kuma ƙetaren can babu Bahaushe ko ɗaya, masunta na kawai. Yau gwada Abobo, an ce an ga mai kama da shi can."

Ni da ban san ruwan da ya wuce gulbinmu da damina ba, ba sai an faɗa mani sau biyu ba.

Ranar na yi wauta irin ta mutanenmu. Na shiga gbaka na yi sallama da ƙarfi, ba wanda ya ɗaga kai. Da karen motar ya miƙo hannu, sai na ce mashi wurin Nomau za ni, Nomau na Unguwar Lalle, mai albasa. A gida haka muke yi, ka faɗa ma ɗan kabu-kabu sunan mutum ya kai ka ƙofar gidanshi, in bai sani ba ya tsaya ya tambaya. Karen motar ya dube ni, ya faɗi wani abu da Faransanci, mota duk ta kwashe da dariya. Na miƙa mashi takardar jika biyu, wato sefa dubu biyu, nan kuwa ya fara masifa kamar na zagi uwarshi. Ashe can babban laifi ne ka shiga mota ba ka da canji. Da munka isa Abobo ya kama hannuna ya kama hannun wata mata mai tulin kifi a kai, ya danƙa muna takarda ɗaya mu biyu, ya buga ƙarfen mota da kwabo direba ya ja. Haka suke yi, su haɗa ka da wanda ba ka sani ba ku je ku raba canjinku. Ni ba Faransanci, ita ba Hausa. Ta riƙe gefen takardar na riƙe gefe, muna bin masu tebur ɗaya bayan ɗaya ana korarmu, har wani mai ruwan leda ya fasa muna. Ta ƙirga nawa ta zuba mani a hannu, ta ce wani abu tana murmushi, ta tafi. A yinin nan duka ita kaɗai ta dubi fuskata.

Cikin mako guda na iya garin da kunne. Ba na karanta allunansu, amma na haddace kiran karnukan mota, kowane yana rataye a ƙofa shina ihun inda za shi, Abobo, Anyama, Yofugon, Banjarbil. Na gane woro-woro fenti ne ke faɗin unguwarta, shuɗiya ta Yofugon ce, rawaya ta Kokodi, kuma ba ta fita unguwarta, in ta kai iyaka sai ka sauka ka nemi wani launi. Na gane in ka taka da ƙafa ka wuce tasha zuwa mararraba ta gaba kuɗin na raguwa. Na gane da sassafe da kuma maraice, lokacin da mutane sunka yi yawa, sai su yanka hanya biyu, su sauke ka tsakiya ka sake biya, don haka nake fita bayan hantsi in dawo kafin la'asar ta yi sanyi, ko in dawo da ƙafa. Babbar bas ta fi kowace araha, sai dai ka yi awa kana jiranta kuma a tsaye za ka tafi. Kwabbaina ina ɗaure su cikin ƙyalle a aljihun gaba, ban ƙara miƙa ma kowa takarda ba. Kalma uku na koya, ta tambayar kuɗi, ta canji, da ta cewa za ni sauka. Da su na zaga garin da ya fi Sakkwato girma ban san sau nawa ba.

Kullum ina neman kujerar taga ta gefen da mutane ke tafiya, don fuska nake kallo. Kun san zubenmu na Gobirawa, ga shi nan a kumatuna, irin shi ne ga Nomau, wanzami ɗaya ya yi muna. Ba ni da hotonshi sai wani na waya da ya dushe, don haka fuskata ce hoton. In na sauka sai in nemi masu sayar da garba, wani abinci ne na garin rogo da soyayyen kifi, mafi yawan masu yinshi Hausawan Nijar ne. Ko mahauta masu balangu, ko ƙaramin masallaci. In yi sallama, in ja yatsa bisa kumatuna, in ce mai irin wannan, dogo, baƙi, ya fi ni ƙuruciya. Su ce Allah shi bayyana, wasu su ƙara mani kan kifi. Masu zuben ba su da wuyar gani, mutanen Tsibiri da Maradi sun cika garin. Wata rana a Anyama na hango wani ta taga, na diro mota ba ta gama tsayawa ba, na faɗi na ɓare gwiwa, na bi shi da gudu ina kiran Nomau. Ya juyo, tsoho ne mai furfura. Bai yi fushi ba. Ya zaunar da ni gindin wani kanti ya saya mani ruwa, ya tambaye ni ko an yi damina mai kyau a gida, don shi shekararshi goma sha bakwai rabonshi da Tsibiri. Munka zauna muna maganar gero kamar mahaukata, motoci na wucewa. Da zai tashi ya ce in na ga ɗan'uwana in gaishe shi.

In na dawo da maraice Ladan na nan bisa kujerarshi. Sai ya ce a'a, ga direban Abijan ya dawo, yau wace unguwa anka ci da yaƙi? Yaranshi su yi 'yar dariya. In faɗa mashi inda na je da wanda na gani, shina gyaɗa kai, shina tambayata ko na duba bayan kasuwa, ko na shiga masallacin da ke kusa da gada. Da safe ya ba ni sabon suna. Gwada Kumasi, tasu ta can ba ta Gana ba. Gwada Fo-Buwe wajen mayanka. Koma Abobo, ta yi girma, ba a gama ta rana ɗaya. Wata rana har ya cire kwabbai daga aljihunshi ya ƙara mani na mota. Na yi godiya. Wannan godiyar na cikin abin da ke hana ni barci.

Bayan kwana biyu ko uku nakan hau wata gadar ƙafa a Ajame in kira Hajo, don can ne hayaniya ke ɗan raguwa. Ita kuma sai ta fita bayan gari inda waya ke kamawa mu sa lokaci, wani lokacin a yi sa'a ta kama cikin gida ta kai ma Inna. Tambayarta ɗaya ce, ka gane shi? In ce saura kaɗan, Inna, an ba ni kwatance. Ta ce to. Makon farko takan ƙara da tambayar ko ina cin abinci. Mako na biyu sai to ɗin kawai. Na uku Hajo ta ce ta bar magana sosai, amma in waya ta yi ƙara tana buɗe ido.

Ranar kwana na ashirin da huɗu ina cikin babbar bas za ni Kumasi, a tsaye, an matse mu har ba na iya sauke hannuna daga ƙarfen da na riƙe. Muna bisa gada, ruwa ta ko'ina, na ji waya na rawa a aljihuna. Ta yanke, ta sake, ta yanke, ta sake. Na san ko mene ne. Ban iya kai hannu ba sai da munka sauka gadar anka rage mutane. Hajo ta ce Inna ta cika da hantsi, har an kai ta. Na ce to. Akwai wani mutum kusa da ni mai jakar ofis, na dube shi na ce mashi uwata ta rasu. Ya ɗaga kafaɗa, ya nuna mani kunnenshi alamar ba ya ji, ya matsa. Ban sauka Kumasi ba. Na bi bas ɗin har inda ta ƙare, wani wuri da ban san sunanshi ba, kowa ya fita ni ina zaune. Direba ya zo ya buga kujera. Na sauka na sake yankar tikiti na koma cikin ita dai bas ɗin, don ban san wani wurin da za ni zauna ba.

Ladan ya yi kuka. Na rantse muku hawaye na gani, ba na ƙarya ba. Ya sa anka shimfiɗa tabarmi bakin sito, 'yan kasuwa sunka zo anka yi addu'a, ya yi sadakar shinkafa. Sannan ya ja ni gefe ya ce akwai motar da za ta koma Nijar gobe ba kaya, ya riga ya yi magana da direba, in na bi ta za ni riski bakwai. Ya ce neman ya ƙare tunda wadda anka yi dominta ta tafi. Na kwana ina juya maganar. In na tafi, na zauna cikin 'yan'uwa na karɓi gaisuwa kamar kowane ɗa. In na tsaya, za a ce babban ɗanta bai zo ba. Amma sai na ga Nomau na yawo wani wuri cikin garin nan shina zaton shina da uwa. Da safe na ce ma Ladan ba ni tafiya. Fuskarshi ta canza, na ɗauka don ya ji tausayina ne. Motar ta tafi ba ni. Daga nan sunan da kuke ji ya samo tushe.

Kwana biyar bayan rasuwar ina can cikin Yofugon, ruwan sama ya sauko tun azahar, babbar hanyar komawa Ajame ta cushe. Karnukan mota sunka yanka hanya uku, sunka ninka kuɗi. Na kwance ƙyallena na duba, na ga in na biya yau gobe ba ni fita. Na fake ƙarƙashin rumfar wani tsoho mai goro, mutumin Dogon Dutsi, na faɗa mashi. Ya yi dariya ya ce kai baƙo ne ko, wa ke biyan wagga tsada ga ruwa nan kusa? Ya ce in taka zuwa Abobo-Dume, ba Abobon da na sani ba, wata unguwa ce bakin ruwa, in shiga finas, kwale-kwale mai inji, dala talatin, wato sefa ɗari da hamsin, ta tsallakar da ni, daga can in taka zuwa Ajame. Na ce an ce mani suna kifewa. Ya ce shekara ashirin shina shiga bai jiƙa ko wando ba. Na ce an ce babu Hausawa can. Ya dube ni ya ce to wa ke sayar musu da goro?

Ba jarumta ta kai ni ba, rashin kuɗi ne. Na taka cikin taɓo har bakin ruwan. Wuri ne mai hayaƙin kifi, mata na ta ƙyafe shi bisa ganguna, mutane sun yi layi bisa wani katako suna jiran jirgi. Gefen layin akwai ɗan tebur da laima, an jera goro da alewa da ashana. Mai teburin ya ba ni baya, shina sosa ƙeyarshi da yatsa biyu shina kallon ruwa. Babanmu haka yake sosa ƙeya. Sanduna biyu na jingine jikin teburin. Na zagayo gabanshi. Ƙafar wandonshi ta hagu an naɗe ta an soke da fil daga gwiwa.

Ya ɗago ya ce, "Yaya Iro? Kai na? Mi ya kawo ka nan?"

Na ce, "Kai ya kawo ni."

Ya ce, "Yaushe kaz zo? Alhaji bai hwaɗa mani ba. Jumma'ar ga da ta wuce ma ya zo, har da lemu ya kawo mani." Sai ya ja ƙyallen tebur ya rufe gwiwarshi, ya ce, "Kada ka hwaɗa ma Inna tukuna. Bari in iya tahiya da ta roba, an ce za a yi mani. Lahiyarta lau dai?"

Na tsaya. Jirgi ya iso, mutane na turereniya a bayana, wani ya miƙo kwabo shina son ashana, Nomau ya ba shi ba tare da ya sauke ido daga kaina ba. Na yi ta neman yadda ake faɗin wannan magana tun daga Kumasi, ban samu ba. Na ce Nomau, yau kwana biyar. Bai yi kuka nan take ba. Ya fara tattara goro shina mayarwa cikin ganye ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Sannan ya tambaye ni ko ta ambace shi. Na ce ba ta ambaci kowa ba sai shi. Da na sani da na yi mashi ƙarya.

A ɗakinshi, wani ɗan ɗakin katako bayan masu kifi, ya faɗa mani sauran. Bayan sallar nan ne, shina tsaye bayan sito shina ƙirga buhu, Ladan da kanshi ya shiga a-kori-kura zai matsar da ita don direba ya tafi sallah, ya yi baya da ƙarfi ya haɗa shi da bango. Wayarshi ma nan ta farfashe. A asibiti anka yanke ƙafar. Shi Nomau ne da bakinshi ya ce kada a faɗa ma Inna sai ya warke, wannan gaskiya ne, ba za ni ɓoye ba. Ladan ya biya asibiti, ya kama mashi ɗakin nan nesa da kasuwa, ya kafa mashi tebur, kowace Jumma'a shina zagayowa da mota ya duba shi. Kullum sai ya ce mashi gida lafiya, Gwaggo na gaishe ka. Bai taɓa ce mashi tana ciwo ba. Bai ce mashi na zo ba. Jumma'a huɗu ina garin, Jumma'a huɗu ya tashi daga inda nake shan shayinshi ya zo nan ya zauna bisa wannan tabarma. Ta ƙarshe ma, da ya kawo lemu, ya riga ya yi sadakar shinkafar.

Da gari ya waye na ce ma Nomau ya tashi mu je Ajame tare, daga can mu wuce gida. Ya ce wurin wa zai koma, kuma da wace ƙafa zai yi noma? Ya ce ɗakin nan na Alhaji ne, teburin na Alhaji ne, in ya buɗe baki ina zai kwana? Na zage shi, na ce mashi abin da bai kamata ba. Ya juya shina kallon sandunanshi. Har yau shina can bakin ruwan. Yakan kira ni da sallah, mu gaisa, ba ya ambatar maganar, ni ma na bari. Shi ya sa ba ni da shaida. Kafin in iso gida Ladan ya riga ya kira dangi ya ce shi ya gano Nomau da ƙyar, ya yi hatsarin mota, ni kuwa ina can ina kallon gari. Shi ke kai 'ya'yan mutane aiki, shi ya yi ma masallacin unguwarmu rufi. Ni mai damen gero ne. Kun ga wanda za a gaskata. Wannan kun sani. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda munka rabu da Ladan.

Na shiga finas ɗin ni kaɗai. Na zauna tsakiya na riƙe katako da hannu biyu, na rufe ido. Da na ji ba mu kife ba na buɗe. Ga dogayen benayen unguwar Filato nan gabana, ga bakin ruwan da na sha bi da ƙafa ina tsimin kuɗin mota, ina kallon ƙetare ina cewa can masunta ne. Ban gama karanta abin da nake karantawa ba inji ya mutu, anka jefa igiya. Tafiyar ba ta kai ta daga gidanmu zuwa gonar fadama ba.

Na iske Ladan bisa kujerar roba da kofin shayi, yaran sito na sauke lodi. Ya ce a'a, direban Abijan, jiya ina anka kwana, ko an samu bazawara? Na ce Abobo-Dume na kwana. Ya aje kofin. Yaran sunka tsaya da buhu a ka, ba wanda ya dube ni. Ya tashi ya kama hannuna zai ja ni cikin sito, na fizge, na ce nan za a yi ta. Sai ya fara magana ƙasa-ƙasa. Ya ce Nomau ne ya roƙe shi. Ya ce ya ji tsoron labarin ƙafar ya ƙarasa Gwaggo. Ya ce kullum shina niyyar faɗa mani sai bakinshi ya yi nauyi, ya ga ya riga ya yi nisa. Ya ce shi ma uwarshi ce. Ya ce mu jini ɗaya ne, don Allah, don Annabi, in yafe mashi.

Na bari sai da ya gama. Sannan na ce:

"Ladan, ba ta tambayi ƙahwatai ba. Murya tac ce, kuma ga waya cikin aljihuna kwana ashirin da huɗu tana jira. Dala talatin ad tsakaninta da ɗanta, kai kas sani, kana ba ni sunan unguwa kana dariya. Wahalata, da yunwata, da gwiwata da na ɓare, je ka, na bar maka, ba ni son komi gare ka. Nata kau ba ni da ikon yahewa, ba ta bar mani wakilci ba. Kai kad durƙusa gabanta ka amshi yaron ga. Ka jira ka isko ta, ka hwaɗa mata da bakinka."